Fashin baƙi: Ina ake danna murya a dogayen kalmomin Ingilishi, kuma me ya sa ɗalibanmu ke tuntuɓe a nan?

Duk shekara, da zarar jarrabawar JAMB da ta WAEC sun ƙarato, akwai kukan da ba ya canzawa a bakin ɗalibai. Yaro ya haddace nahawu, ya iya tsara wasiƙa, ya cinye littafin da aka ɗora musu. Amma da ya iso inda aka rubuta kalma ɗaya sau huɗu, kowane karo da wata gaɓa daban cikin manyan haruffa, aka ce ya zaɓi daidai, sai ya koma canki-canka. PHO-tog-ra-phy ne, ko pho-TOG-ra-phy, ko pho-tog-RA-phy? Wasu har sun yanke hukunci cewa wannan fanni sa'a ce kawai, kamar jefa kwabo sama.

Tambayoyi biyu ne a nan, kuma an saba cakuɗa su. Ta farko: akwai wata ƙa'ida da ke faɗa wa mutum inda zai raba doguwar kalma da inda zai danna murya, ko Turawa ne kawai suka ga dama? Ta biyu: adalci ne a rage wa ɗan Funtuwa maki don bai furta kalma kamar ɗan Landan ba?

Gaɓa: kunne ke ƙirga ta

Gaɓa ita ce bugun murya guda a cikin kalma, kuma kowace gaɓa tana da sautin wasali ɗaya a tsakiyarta. A Hausa abin a fili yake, domin rubutunmu na bin bakinmu sau da ƙafa. Ma-ka-ran-ta, huɗu. Kowa ya gani, kowa ya ji. Gaɓar Hausa siffa uku kawai take da ita: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da wani baƙin ya rufe. Ba ma fara gaɓa da cunkoson baƙaƙe.

Ingilishi kuwa yana iya jera baƙi uku kafin wasali, kamar a street da split, ya kuma jera har huɗu bayansa, kamar a texts. Kalmar strengths haruffanta 9, gaɓarta ɗaya tak. Shi ya sa da kalmomin nan suka shigo Hausa sai da aka yi musu fiɗa aka cusa wasula tsakanin baƙaƙen. Bread mai gaɓa ɗaya ya zama bu-ro-di. Screwdriver mai gaɓa uku ya koma su-ku-ru-di-re-ba, shida cif. Wannan ɗabi'ar ba ta tsaya a kalmomin aro ba, tana bin mu har cikin aji, inda za ka ji yaro ya ƙara wa kalma gaɓar da babu ita.

Sai kuma matsalar da ta fi wannan: gaɓoɓin da ido ke gani amma baki ba ya faɗa. Comfortable kamar huɗu ce a takarda, amma yawancin masu harshen uku suke furtawa. Haka vegetable. Chocolate biyu, Wednesday biyu, every biyu. Wanda ya ƙirga wasulan da aka rubuta ya riga ya ɓata hanya tun kafin a zo maganar danna murya.

Hanya mafi sauƙi ta ƙirga gaɓa ita ce ka rufe baki ka yi gunjin kalmar ta hanci, kamar mai rera waƙar da ya manta baitinta. Bugu nawa ka ji? Wasu malamai kan ce a sa hannu ƙarƙashin haɓa a ƙirga sau nawa ta sauka. Yana aiki, sai dai yakan tsallake gaɓoɓin da ba a buɗe musu baki sosai, waɗanda kuma su ne suka fi yawa a doguwar kalma.

Rabon takarda daban, rabon baki daban

Yawancin ruɗanin da ake yi a aji ya samo asali ne daga haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Akwai rabon da masu buga littafi ke yi idan kalma ta kai ƙarshen layi ba ta ƙare ba, sai su yanke ta da ɗan karan ɗori. Akwai kuma rabon da baki ke yi.

Na takarda yana da dokokinsa sanannu. Baƙi biyu iri ɗaya a tsakiya, a raba tsakaninsu: hap-pen, let-ter. Baƙi da -le a ƙarshe su tafi tare: ta-ble, lit-tle. Ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya, wato ƙarin da ake liƙa wa kalma a farko ko a ƙarshe, a ware su: un-kind, teach-er. Ko a nan ma ba a haɗu ba, domin tsohuwar al'adar Ingila ta fi bin asalin kalma ta yanke know-ledge, Amurkawa kuma su bi furuci su yanke knowl-edge.

Tarkon da ke kama Bahaushe yana cikin dokar farko. A wurinmu baƙi biyu baƙi biyu ne, ana jin su. Baba daban, babba daban. A Ingilishi p ɗaya ake furtawa a happen, t ɗaya a letter. Ninkin na alƙalami ne kawai, galibi don ya nuna cewa wasalin da ke gabansa gajere ne.

Rabon baki kuma yana bin wata dabara: a tura baƙaƙe zuwa gaɓa ta gaba gwargwadon yadda harshen ya yarda kalma ta fara da su. Extra takan rabu ek-stra, saboda akwai kalmomi da yawa masu farawa da str. Atlantic kuwa at-lan-tic ce, saboda babu kalmar Ingilishi da ke farawa da tl.

Danna murya ba ihu ba ne

Na taɓa zama a bayan wani ajin share fagen jarrabawa da yamma, a wani shago da aka mayar makaranta, fanka ɗaya tana juyawa sama da yara kusan 40. Malamin ya rubuta examination a allo, ya ja layi ƙarƙashin NA, ya ce kowa ya maimaita. Suka ɗauka gaba ɗaya: kowace gaɓa da cikakken wasalinta, a tsaye ƙyam, sai da suka zo NA suka kwarma ihu har mai shayin ƙofa ya leƙo. Gurbin sun same shi daidai. Amma abin da ya fito daga bakinsu ba shi ne danni ba.

Gaɓar da aka danna takan fi sauran tsawo, sautin murya yakan motsa a kanta, takan ɗan fi ƙarfi, wasalinta kuma yana fita cikakke. Rabin aikin ke nan. Ɗaya rabin, wanda ba a cika koyarwa ba, shi ne abin da ke samun sauran gaɓoɓin: a gajarta su, a raunana wasalinsu har ya koma wani ɗan sauti maras launi, tsakanin a da i, wanda masana ke kira schwa. Sunan daga Ibrananci yake, ba ruwansa da Larabawan Shuwa na Barno. Shi ne wasalin da aka fi furtawa a Ingilishi, kuma ba shi da harafi nasa na kansa. Shi ne a na farkon about, shi ne o na ƙarshen doctor, shi ne u na support.

Dubi 'yan gida ɗaya uku: PHO-to-graph, pho-TOG-ra-phy, pho-to-GRAPH-ic. Haruffan farko iri ɗaya ne. Amma o na farko cikakke ne a ta ɗaya, a ta biyu kuma ya narke ya zama schwa. Danni ya tashi daga wuri, wasula suka bi shi suka sauya. Wanda ya gane wannan ya gane rabin furucin Ingilishi.

Mu a Hausa da karin sauti da tsawon wasali muke aiki. Wuya ta jiki da wuya ta wahala, sauti ne ya raba su. Kuka na hawaye da kuka ta miya, haka. Gari na zama da gari na tuwo, tsawon wasali ne da sauti. Kowace gaɓa tana riƙe da sautinta da wasalinta, ba a tauye wa kowa haƙƙi. To sai muka ɗauki wannan adalcin muka kai Ingilishi, harshen da ke cika wa gaɓa ɗaya ciki ya bar sauran da yunwa.

Doguwar kalma kuma takan sami danni biyu, babba da ƙarami. A responsibility, mai gaɓa shida, babban yana kan BIL, ƙaramin yana kan spon. A ƙamus ana nuna babban da ɗan gajeren layi a sama kafin gaɓar, ƙaramin da irinsa a ƙasa. Kafin gaɓar, ba bayanta ba. Ɗalibai da yawa a nan suke karanta ƙamus a baibai.

Gado uku a gida ɗaya

Akwai harsunan da ba su da wannan ciwon kai. A harshen Finlan danni kullum a gaɓar farko yake. A Sawahili kusan kullum a ta biyun ƙarshe. Ingilishi ya rikice ne saboda ya ci gado daga gidaje uku.

Asalinsa ɗan dangin Jamusanci ne, kuma tsohon tsarinsa shi ne a danna gaɓar farko ta saiwar kalma. Har gobe tsofaffin kalmominsa haka suke: FA-ther, WA-ter, NEIGH-bour-hood. Idan akwai ɗafa-goshi irin be- ko for- sai a tsallake shi: be-GIN, for-GET.

A 1066 Normawa suka ƙetaro daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi. Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnuka, dubban kalmominsa suka kwararo, su kuma a ƙarshe suke ɗaukar nauyi. Waɗanda suka daɗe sun saje, danninsu ya dawo gaba, kamar CI-ty da NA-ture. Waɗanda suka zo a makare sun riƙe halinsu: ma-CHINE, po-LICE, u-NIQUE.

Gado na uku ya zo a ƙarni na 16 da na 17, lokacin da malaman Ingila suka riƙa ɗebo kalmomi kai tsaye daga Latin da Girkanci. Yawancin dogayen kalmomin da ke wahalar da ɗalibanmu daga wannan buhun suke. A nan kuma akwai abin da ya kamata ya faranta wa Bahaushe rai. Dokar Latin cewa ta yi a dubi gaɓa ta biyun ƙarshe: in mai nauyi ce, ita za a danna, in maras nauyi ce, a koma ta ukun ƙarshe. Gaɓa mai nauyi ita ce mai dogon wasali ko wadda baƙi ya rufe. Wannan shi ne ainihin rabon da ake koya wa ɗalibin Hausa a darasin ma'aunin waƙa, shi ne kuma wanda almajirin aruli ya sani. Gwada shi a kan sunaye: a-GEN-da, baƙi ya rufe gen. Ho-RI-zon da a-RO-ma, wasalin dogo ne. Amma CIN-e-ma, CAN-a-da, a-MER-i-ca, ta biyun ƙarshen ba ta da nauyi, sai dannin ya ja baya. Ba kowace kalma ke bin wannan ba, amma masu bi suna da yawa ƙwarai, kuma ban taɓa jin malamin Ingilishi ya haɗa wa yara wannan da abin da suka riga suka sani a ajin Hausa ba.

Abin bai daina motsi ba ma. Balcony a tsakiya ake danna ta har zuwa farkon ƙarni na 19, kafin ta koma BAL-co-ny.

Ƙeyar kalma ita ke tona asiri

Ga mai jarrabawa a gabansa, babu abin da ya kai duba ƙarshen kalma amfani. Ɗafa-ƙeya iri uku ne.

Akwai masu jan danni zuwa gaɓar da ke daf da su: -tion, -sion, -ic, -ical, -ity, -ian. Komai tsawon kalma, nemo ƙeyar ka ja baya taki ɗaya. Ed-u-CA-tion, e-lec-TRIC-i-ty, ec-o-NOM-ic, pol-i-TI-cian. Internationalization gaɓarta takwas, amma ba ta fi ƙarfin wannan ba: dannin yana kan ZA. Masu ƙarewa da -graphy, -logy, -cracy da -nomy kuma ta ukun ƙarshe suke so: de-MOC-ra-cy, bi-OL-o-gy, e-CON-o-my. 'Yan tawayen -ic kaɗan ne, gara a haddace su: AR-a-bic, POL-i-tics, CATH-o-lic, RHET-o-ric, LU-na-tic.

Akwai masu karɓe dannin su ɗora wa kansu, jikokin Faransanci: -ee, -eer, -ese, -ette. Ref-u-GEE, en-gi-NEER, Jap-a-NESE. Committee ba ta cikinsu duk da kamar da ta yi, com-MIT-tee ce, kuma masu tsara tambaya sun san muna faɗawa wannan ramin.

Sai 'yan ba-ruwanmu: -ment, -ness, -ful, -less, -ly, -ing. GOV-ern, GOV-ern-ment. Ba su taɓa komai.

Inda ɗan Nijeriya ya fi rabuwa da ƙamus shi ne aikatau masu ƙarewa da -ate, -ize da -fy. Mun saba kai dannin can ƙarshe. Ƙamus kuwa ta ukun ƙarshe yake dannawa: ED-u-cate, con-GRAT-u-late, com-MU-ni-cate, REC-og-nize, i-DEN-ti-fy.

Akwai kuma tagwaye masu rubutu ɗaya, suna a gaba, aikatau a baya: REC-ord da re-CORD, PROD-uce da pro-DUCE, OB-ject da ob-JECT. Lura da yadda rabon gaɓar ma ya canza tare da dannin. A rec-ord, gajeren wasalin da aka danna ya jawo baƙin ya rufe kansa da shi.

Kakanninmu sun fi mu kunne

Sojojin da leburorin da suka fara ɗauko kalmomin Turawa ba su ga rubutunsu ba, ji suka yi. Kalmomin da suka bar mana shaida ne cewa sun ji daidai. Colonel a takarda kamar gaɓa uku ce, a bakin Bature biyu ce, Hausa ta ce kanar. General da corporal sukan rasa gaɓar tsakiya a furuci, Hausa ta ce janar da kofur. Captain ta zama kyaftin, da raunanan wasalin nan na ƙarshe. Inspector ta zama sufeto, electric ta ba mu lantarki: gaɓar farko da ba a danna ba ce kunne bai kama ba, sai ta faɗi.

Karin sautin ma ya bi sawu. Faɗi mota, soja, gwamna, tebur ka saurara: sama a gaɓar farko, ƙasa a ta biyu, daidai inda Bature ke dannawa. Direba da sufeto kuma sautin sama yana kan re da fe, gurbin dannin asali. Matsalar ta fara ne ranar da muka koma koyon harshen daga allo, daga bakin malamin da shi ma daga allo ya koya.

Masu cewa a bar mu da Ingilishinmu

Hujjarsu tana da ƙarfi. Turawan ma ba su daidaita ba: ɗan Ingila ya ce la-BOR-a-tory, Ba'amurke ya ce LAB-ora-tory; wancan ya ce ad-VER-tise-ment, wannan ya kai dannin wani wuri. Ingilishin Nijeriya kuma ba ɓataccen Ingilishi ba ne, yana da tsarinsa, masana irin su Farfesa Munzali Jibril sun yi nazarin furucinsa tun farkon shekarun 1980. A Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Nijeriya 29, har da Kannywood. In likita a Kano ya ce educate da danni a ƙarshe, wa ya kasa gane shi? Sun kuma ƙara da wani abin da ke da wuyar musantawa: a Nijeriya takardar furuci ta WAEC, mai tambaya 60, da fensir ake amsa ta. Ana auna furuci ba tare da ɗalibi ya buɗe baki ba. Mai haddar dokoki zai iya cinyewa alhali bakinsa bai canza ba.

Ɗaya ɓangaren kuma cewa suke yi mai harshen da danni yake gane kalma, kamar yadda muke gane ta da karin sauti. Ka tuna yadda kake ji in baƙo ya ce wuyansa na ciwo da sautin wahala. Binciken da Brian Tiffen ya yi a 1974 a kan ɗaliban jami'a Hausawa da Yarabawa ya gano cewa kuskuren danni da kari shi ne kan gaba cikin abubuwan da suka hana Turawan Ingila fahimtar maganarsu, ya fi kuskuren baƙi da wasali.

A ganina kowane ɓangare ya kama wani abu, amma ba daidai suke da nauyi a ko'ina ba. Tsakaninmu, kai dannin congratulate ƙarshe ba ya cutar da kowa, kuma mai yi wa ɗan'uwansa dariya a kan haka neman suna kawai yake. Amma akwai 'yan wurare da dannin ke ɗauke da ma'ana gaba ɗaya. Im-POR-tant mutum ne mai muhimmanci; IM-po-tent kuwa wanda ba ya iya kusantar iyali ne, kuma mai gabatar da babban baƙo a taro ya kamata ya san bambancin. PER-son-al da per-son-NEL, ca-REER da CAR-ri-er, DES-ert da des-SERT. Mafi tsada a cikinsu lambobi ne: thir-TEEN da THIR-ty, fif-TEEN da FIF-ty. Ɗan kasuwar da ke ciniki ta waya da wani a Dubai ko Guwanzu ta ƙasar Sin, da ma'aikaciyar jinyar da ke karɓar umarnin adadin magani a asibitin Ingila, ba maki suke tsoron rasawa ba.

Abin da ya rage wa ɗalibi

Muddin manhaja ba ta canza ba, furucin Ingila na ƙamus shi ake yi wa maki, ko mutum ya yarda da hujjar ko bai yarda ba. Dabarar ɗakin jarrabawa ita ce a fara daga ƙarshen kalma a ƙirgo baya, domin dokokin nan duka daga ƙeya suke lissafi. In ƙeyar ba ta ce komai ba, a gwada kowane zaɓi a zuci, ana tauye sauran wasulan da gangan; wanda bai dace ba yakan yi wa kunne banbaraƙwai. Akwai kuma wani nau'in tambaya da ake rubuta kalma guda cikin jimla da manyan haruffa, a ce wace tambaya jimlar ke amsawa. Wannan dannin jaddadawa ne, ba na gaɓa ba, kuma amsarsa ita ce zaɓin da ya saɓa wa kalmar da aka manyanta.

A wajen jarrabawa, wayar da ke hannun yaro ta fi allon ajinsu amfani a wannan fanni, tunda ƙamus na intanet yana furta kalma da muryar Ingila da ta Amurka, kyauta. Sabuwar kalma a saurare ta tare da danginta: POL-i-tics, po-LIT-i-cal, pol-i-TI-cian, a ji yadda dannin ke tafiya yana sauya wasula.

Wani lokacin ƙamus ɗin zai ba ka amsa biyu. Kalmar da ke nufin taƙaddama, controversy, har yau Turawan Ingila ba su gama taƙaddama a kanta ba: wasu CON-tro-ver-sy, wasu con-TROV-er-sy.